Acca Mai Uwaye Bakwai

Abu ɗaya tak Kaka ta roƙe ni a duk watannin da na yi ina zarya a ƙauyensu: in rubuta mata sunaye bakwai a cikin littafina. Ba ta ce in kawo mata zane ba, ba ta ce magani ba, ga kuwa gwiwoyinta sun hana ta sakat. Na amsa mata da sauri, har da dafa ƙirji, don a ganina babu abin da ya kai wannan sauƙi.

Ni 'yar reluwe ce. A kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa na Kafanchan aka haife ni, iyayena kuwa daga kudu suka zo tun jirgi yana jirgi. Da Hausa na yi wasan ƙasa, da ita na yi faɗa a bakin famfo. Amma noma, iyakar sanina da shi 'yar kabewar da mahaifiyata take shukawa a bayan kicin. Duk da haka, da na koma karatun digiri na biyu, lokacin ina koyarwa a wata sakandare, sai na ce zan yi bincike a kan tsofaffin irin acca da mata suke adanawa. Dalilina bai wuce kwaɗayi ba. Ina son faten acca kamar raina, kuma na lura kowace shekara sai ƙara wuya take yi a kasuwa, citta da masara suna cinye mata gonaki.

Malamin da yake duba aikina mutumin kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Sai dai a ƙasar waje ya yi karatu, ya dawo da ƙa'idojinsu ko lanƙwasa ba su yi ba. Ya kafa mini sharuɗɗa huɗu. Tambayoyi a buga su a takarda, kowace da akwatin amsarta. Kowace mace in zauna da ita ita kaɗai, kada ta ji amsar wata. Kafin ta buɗe baki ta dangwala yatsa, shaidar ta yarda. Na huɗu, babu sunan kowa a littafi, lamba za a ba mutum, in an gama kuma a share kaset, a ƙona duk takardar da take ɗauke da suna. Na sa hannu a kan wannan duka ina jin kaina wata babbar masaniya.

Har yau in na rufe ido ina ganin hanyar nan. Bas daga Kafanchan, mu bi ta gindin dutsen Kagoro hazo yana kwance a kansa, mu sauka Manchok inda mata suke gasa masara a bakin titi, sannan in hau mashin mu ratsa gonaki, ciyawa tana dukan ƙafafuna. Ƙarshen damina ne, ko'ina kore shar, acca ta fara yin ja a gefen tudu. Ƙauyen yana jingine da dutse. Na shiga da jaka cike da takardu, da rakoda mai kaset, da kwalbar tawada, da takalmi mai tsini, don kada a raina ni.

Mako biyu na yi ina shan wahalar da ni na saya wa kaina. In na tambayi mace 'ya'yanta nawa, sai ta yi murmushi ta ce Allah ya ba su. Buhu nawa na acca ta samu bara? Sun gode Allah. Gonarta eka nawa ce? Tana nan bayan rafi. Na duba takardata sama da ƙasa, babu akwatin "mun gode Allah". In na fito da tawada, sai a tambaye ni ko zaɓe ya zo. Mafi muni shi ne jan mace da nake yi zuwa bayan gida don mu keɓe. Ashe magana ta zaga gari cewa daga asibiti nake, kuma duk wadda na ja gefe wani mugun ciwo aka gano mata. Wata baiwar Allah da ta hango ni ta tsallake danga da goyo a bayanta. Ni kuwa ina komawa gida ina masifa, wai mutanen nan ba sa son ci gaba. An ce baƙo ko da ido makaho ne, to ni har da taurin kai na haɗa.

Ranar wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, uwar zumunta, wato shugabar matan cocin, ta riƙo hannuna ta kai ni gindin mangwaro. Doguwa ce, mai murya kamar ta namiji, Hausarta irin ta wajen, wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Malama," ta ce, "kai ba mugun mutum ba ne, amma hanya naka ba kyau. Mu a nan ba a ƙirga yara, ba a ƙirga abinci na rumbu. Wanda ya ba ka, shi ya san lissafi. Kuma wannan kira mutum a bayan gida, mai gulma ne yana yin haka."

Na fara yi mata bayanin ƙa'idar bincike. Ta bar ni na kai aya, sannan ta ce, "To na ji. Ran Talata muna taka acca na Kaka. Ka bar takarda a gida, ka zo da ƙafa naka."

Na je da ƙafata. A kan wani falalen dutse a bayan gari aka yi gayyar. An kafa sanduna biyu, an gicciya doguwar gora a kansu, mata sun jeru sun riƙe ta, suna murza damman acca da tafin ƙafa suna waƙa da yarensu. Na tuɓe takalmi na shiga layi. Kafin a yi waƙa uku ƙaiƙayi ya kama ni har wuya, tafin ƙafata ya yi ja, mata suna ta kwasar dariya, wai ga ƙafar ofis ta zo gona. Dariyar nan ce ta buɗe mini ƙofar da takarduna suka kasa buɗewa.

A nan na fara ganin Kaka da kyau. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, ta fi kowa shekaru a garin, tana zaune a gefe da faifai tana sheƙa. Duk garin Kaka suke ce mata. Da na zo hutawa kusa da ita, na yi subul da baka na ce ai acca duk acca ce. Ta kamo hannuna, ta zuba mini tsunkule uku a tafi, kowanne daban, ta ce, "'Yar reluwe, wanne ne wanne?" Na ƙura ido har hawaye, ni dai yashi nake gani. Daga ranar sunan ya bi ni, kuma daga ranar na koyi kame bakina.

Abin da na ji a kan dutsen nan cikin yini ɗaya ya fi abin da na tara a mako biyu, kuma ko tambaya ɗaya ban yi ba. Wannan iri shi yake riga kowa nuna, shi yake fid da gida daga yunwar damina. Wancan tsuntsu ba ya damunsa. Wancan kuma shi ake dama wa mai jego da marar lafiya. In wata ta faɗi ba daidai ba, nan take uku za su taso mata, a yi ta musu har a tsaya a kan gaskiya. Abin da malamina yake tsoro ke nan, wata ta ji amsar wata, ashe a nan shi ne matacin magana.

Sai na sake tsari. Maimakon buhu nawa, sai in ce, "Accar bara ta kai ku har yaushe?" Nan da nan za a ce ta kai Ista, ko ta kai har sabuwa ta shigo, babu wadda take jin ta ƙirga kyautar Allah. Maimakon tawada, uwar zumunta ta tsayar da ni a gaban mata ranar taronsu, na faɗi abin da nake nema da abin da zan yi da shi, na nuna musu rakoda, aka yi addu'a, aka ce amin. Mace ɗaya ta ce ita ba ta yarda muryarta ta shiga cikin akwati ba. Duk sa'ad da za ta yi magana sai ta nuna rakodar da haɓa, in kashe. Wannan yardar ta fi ta yatsa ƙarfi, don a gaban kowa aka yi ta, kuma mai ƙi ta ƙi kanta tsaye.

Da na kai wa malamina labari, sai da muka yi ta. Ina da baki, ban kuwa rage masa ba. Na kunna masa kaset ɗaya, ya saurari mata suna gardama a kan irin da ya fi jure fari, na ga yana gyaɗa kai. A ƙarshe ya sakar mini sharuɗɗa uku: takardar akwatuna, keɓewa, da dangwala yatsa. Na fito ofishinsa ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na huɗun ko tada shi ban yi ba, don ban ga inda zai taɓa ni ba.

Ranar ƙarshe ta sussuka ita ce ranar ɗiban iri. Kaka tana da wata acca da babu mai shuka ta a garin sai ita, fara sol, mai ƙamshi in an dafa. Da aka gama sheƙa, aka kawo mata wani tsohon gora da ya yi baƙi don shan hannu. Ta riƙa ɗiban mafi kyawun tsaba tana zubawa a ciki, kowane tafi sai ta kira suna, da 'yar murya kamar waƙa, mata suna amsawa. Sau bakwai. Uwar zumunta ta raɗa mini cewa matan da irin ya bi ta hannunsu ne kafin ya iso ga Kaka: wata ta ba 'yarta ranar aure, wata ta ba matar ɗanta, wata 'yar ƙaninta. Na ƙarshe sunan mahaifiyar Kaka ne. Da Kaka ta gama ta ce, "Ubangiji, mun gode maka domin su," ta toshe bakin goran da toka da yumɓu.

Sannan ta yafuto ni.

"'Yar reluwe, yara nawa mata sun mutu. Jika na yana makaranta a Kaduna, kai nashi ya cika da boko. In na tafi, wa zai kira su? Ka sa su a littafi naka. Takarda ba ya mutuwa."

Na kunna rakoda, ta sake jero su. Na rubuta a littafin aikina, ta sa na maimaita da bakina, harshena yana karyewa a kan sunayen yarensu, mata suna riƙe ciki. Na dafa ƙirji na ce, "Kaka, an gama." Ta ba ni acca cikin ƙullin leda, ta sa mini albarka.

Da na zo rubutu na sa sunayen a shafi guda, malamina ya ja musu jan layi. Ya ce ƙa'idar ɓoye suna don kare mutane aka yi ta, kuma ni da kaina na sa hannu. Gaskiyarsa ce, akwai binciken da suna zai iya jawo wa mutum bala'i. Amma matan nan bakwai sun daɗe a ƙasa, kuma mai su ce ta roƙa. Da na tsaya kamar yadda na tsaya a kan sauran ukun, na san da ya saurare ni. Ban tsaya ba. Na gaji, ga ciki wata bakwai, ga lokacin miƙa aiki ya matso, na ce kada in cika neman rigima. Kaka ta koma "mai amsa ta goma sha ɗaya", sunayen kuma suka koma kalma biyu, "magabata bakwai".

Bayan an karɓi aikin na share kaset-kaset ɗin, na ƙona littafin aikina a bayan gida kamar yadda na yi alkawari. Ya faɗo mini a rai in kwafe shafin nan a wata 'yar takarda. Sai na ce a'a, ni mai gaskiya ce, ba zan yi ha'inci ba. Ai Kaka tana nan, da kakar girbi mai zuwa zan je in sake karɓa daga bakinta, in rubuta mata da kyau a takarda mai tsabta. Haka na cika alkawarin da na yi wa takarda, na saɓa wanda na yi wa mutum.

Da kakar girbin ta zo ina jego. Ta gaba aka yi wa maigidana canjin aiki, muka koma Sabon Tasha a Kaduna. Yara suka taso, aiki ya yi yawa, wasu shekarun hanya ma ba ta biyuwa da daɗi. Duk ranar da na dafa acca sai abin ya tsikare ni, in ce baɗi. Sunayen da harshena bai taɓa riƙewa da kyau ba suka zube ɗaya bayan ɗaya, ban ma san ranar da na ƙarshe ya tafi ba.

Shekaru sun ja. Wata Lahadi muna fitowa daga coci, wata mata da goyo ta tare ni a bakin ƙofa.

"Sannu Mama. Don Allah ke ce 'yar reluwe?"

Rabon da a kira ni haka har na manta. Ta ce ita ce jikar Kaka, nas ce yanzu, ta daɗe tana cigiyata. Kaka ta rasu bara. Ta bar mata goran nan, ita kuma ta sa an shuka mata irin a bana, nan da mako biyu za a taka.

"Ina so in kira sunayen yadda take yi," ta ce. "Da ina ƙarama tana koya mini, ni kuma ba na sa hankali. Daga baya ma ta daina. Ta ce ba damuwa, suna cikin littafi a wurin 'yar reluwe."

Na kai ta gida. Na sauko da littafin digirin daga kan kabad, na kaɗe ƙura, na buɗe mata shafin, don ban iya faɗa da baki ba. Ta karanta, ta juya shafi, ta dawo. Ta ce, "Mama, shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Kunyar da na ji a ranar ban taɓa jin irinta ba. Tsohuwar nan ta daina koya wa jikarta ne saboda ta yarda da ni.

Muka tafi tare ranar sussuka. Garin ya sauya, kwano ya maye gurbin jinka, citta har gindin dutse, kowa da waya a hannu. Cikin matan da muka yi gayya da su saura huɗu. Uwar zumunta tana nan, ta rankwafa, idonta ya yi hazo, amma muryar ba ta rage ba. Na faɗa musu abin da na yi, ban ɓoye komai ba. Sannan na zaunar da su a bencin coci, na fito da biro, na ce kowace ta faɗi wanda ta tuna. Da ƙyar aka samu biyu, su ma ana kokwanto.

Uwar zumunta ta buga sandarta a ƙasa. "'Yar reluwe, har yanzu ba ka koya ba? Benci ba ya tuna abu. Mu je dutse."

Accar ba ta da yawa, dami kaɗan ne. Aka gicciya gora, tsofaffin nan suka riƙe, ni da jikar Kaka muka shiga tsakaninsu. Da farko sai nishi da ƙarar ƙashi. Can wata ta ɗauko waƙar, ƙafafu suka daidaita, sai ga sunan mahaifiyar Kaka ya fito daga bakin wadda ta rantse a benci cewa ba ta tuna komai. Wata ta kawo na gabansa, aka yi musu, aka gyara. Haka muka riƙa komawa baya, suna bayan suna, ina takawa ina kuka, ƙaiƙayi yana cina ban damu ba. Muka samu biyar.

Biyun farko suka ƙi. Aka sake waƙar, aka sake, har rana ta karkata. Abin da suka tuna kawai labari ne: ta farko ita ce ta sauko daga kan dutse da irin a ƙulle a haɓar zane, ta biyu kuma ita ta ɓoye goran a cikin jinka shekarar da fara ta cinye gonaki. Sunansu kam ya bi Kaka.

Jikar ta durƙusa da goran. Ta ɗebi tafi na farko ta ce, "Wadda ta sauko daga dutse." Na biyu, "Wadda ta ɓoye gora." Sannan ta kira biyar ɗin da sunansu, ta ƙara tafi na takwas ta kira Kaka. Tsofaffi suka amsa, aka yi godiya ga Ubangiji, aka toshe goran.

Jikar ta ciro littafin waƙoƙin Kaka daga jakarta, wanda tsohuwar take rungumewa zuwa coci ko da ba ta iya karatu ba, ta miƙo mini da biro. Na ce ba ni da fuskar rubutawa. Ta ce ni aka ba aikin. Na buɗe bangon ciki, na tsallake layi biyu, na rubuta shida a ƙasa, ina tambayar kowane harafi.

Uwar zumunta ta karɓi littafin ta kai shi dab da idonta, ta bi shafin da yatsa.

"Nan sama fa? Ba ka rubuta komai ba."

"Babu abin rubutawa, Mama."

Ta daɗe tana shafa wurin. Sannan ta rufe littafin ta miƙa wa jikar.

"Ka bar shi haka," ta ce. "Yara za su tambaya. In sun tambaya, ka gaya musu da baki."